Ba Yunwa Ce Ke Huda Tumbi Ba

Ranar Alhamis, tun kafin a gama sauke shanu da raƙuma a kasuwar Maigatari, lasifikar masu tallan magani ta riga ta fara jero sunayen cututtuka, kuma da wuya ta kai na uku ba ta ambaci olsa ba. Daga Gagarawa har Sule Tankarkar, in mutum uku suka zauna hira a gindin darbejiya, sai an sami wanda zai dafe ƙahon zuciya ya ce da ita yake kwana. In aka tambaye shi abin da ya jawo masa, amsar a bakinsa take: zama da yunwa, ko yaji, ko yawan tunani. Wannan amsa ta daɗe tana cutar da bayin Allah, domin ta sa ana ta shan magani shekara da shekaru, ciwon kuwa yana nan daram.

Gane gyambon ciki sai an bi sawun lomar tuwon gero. Aikin narkar da ita daga baki yake farawa, inda haƙora ke murƙushe ta, yawu kuma ya soma mayar da garin sukari. Shi ya sa wanda ya daɗe yana tauna gumba yake jin zaƙinta na ƙaruwa. Daga nan sai maƙoshi ya tura ta ƙasa, ta faɗa tumbi cikin 'yan daƙiƙoƙi. A can take yin awa biyu zuwa huɗu ana cuɗa ta da wani ruwa mai tsananin tsami, wanda ke kashe galibin ƙwayoyin cutar da suka biyo abinci, ya kuma fara sassaɓe nama da wake. In ta koma kamar kunu sai ta zarce ƙaramin hanji mai tsawon wajen mita 6, inda ruwan maɗaciya ke tarwatsa maiƙo, amfanin abincin ya shige jini. Abin da ya rage babban hanji ne ke tsotse ruwansa.

Abin mamaki yana wurin tumbi. Shi ma nama ne, to me ya hana ruwan da ke narkar da tsire ya narkar da shi? Ubangiji ya yi masa yaɓe. Bangonsa na ciki a lulluɓe yake da yauƙi mai kauri, kamar na miyar karkashi, kuma kullum sabunta shi ake yi. Duk mai rumbun ƙasa ya san abin da ke faruwa in yaɓe ya zube damina ta sauka: ruwa ya sami ƙofa, sai gini ya fara zaizayewa. Haka gyambo yake samuwa a tumbi ko a bakin ƙaramin hanji. Abubuwa biyu ne suka fi kankare wannan yaɓe, kuma yunwa ba ta cikinsu.

Na farko wata ƙwayar cuta ce mai lanƙwasa da ake kira Helicobacter pylori. Likitocin duniya sun daɗe da yarda cewa babu abin da zai rayu cikin tsamin tumbi, har sai da wasu likitoci biyu a birnin Perth na Ostiraliya, Robin Warren da Barry Marshall, suka raino ta a ɗakin gwaji a 1982. Da aka ƙi gaskata su, sai Marshall ya kwankwaɗi ruwan da ke ɗauke da ƙwayar a 1984, cikin 'yan kwanaki tumbinsa ya kumbura ya dinga amai. A 2005 aka ba su kyautar Nobel. Kusan rabin mutanen duniya na ɗauke da ita, yawanci tun suna yara, ta hanyar ruwan sha marar tsabta, abinci, da hannun da ba a wanke ba bayan an kewaya. Mafi yawansu ba sa jin komai, amma wajen ɗaya cikin goma kan yi gyambo. Tun 1994 hukumar binciken cutar kansa ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa ta cikin abubuwan da ke jawo kansar tumbi.

Na biyun ya fi kusa da gida, kuma shi ya kamata ya fi tayar wa mutanen wannan yanki hankali. Manomi ya yini sunkuye a gonar riɗi ko yana ɓarar zoɓorodo, kunun safe kaɗai ke cikinsa. Da magariba ya tsaya gaban mai tebur ya ce, "Ɗan'uwa, haɗa mini na ciwon jiki." A zuba masa ƙwayoyi huɗu ko biyar a ƙullin leda, ja da fari da ruwan ɗorawa, babu suna babu takarda, ya watsa su baki ya bi da ruwa. Sau da yawa a cikin haɗin akwai diclofenac, ko ibuprofen, ko asfirin, wani lokaci ma biyu a tare. Waɗannan magunguna suna kashe ciwon gaɓoɓi, amma ta hanyar da suke kashe shi suke hana tumbi yin yauƙinsa. Dattijon da ya mayar da su abin sha kullum daga shuka har kaka yana sassaƙe cikinsa da hannunsa bai sani ba.

Masu cewa yunwa ce suna da dalilinsu, kuma bai kamata a raina su ba. Gyambon da ke bakin hanji ya fi cizo in ciki ya zama wayam, musamman tsakar dare, ya lafa in an ci wani abu. Yaji ma kan tsananta zafin, sigari kuma na hana gyambon warkewa. Duk waɗannan gishiri ne a kan miki, mikin kuwa ya riga su zuwa. Haka jiƙon kanwa da madarar da ake kurɓa: kanwa na kashe tsamin na ɗan lokaci, madara ta sanyaya ƙirji sannan ta sa tumbi ya ƙara fitar da wani tsamin. Ƙwayar cutar tana nan ba abin da ya taɓa ta.

Abin takaici shi ne ciwon yana warkewa. Ana gano ƙwayar ta gwajin bayan gida ko na numfashi, a manyan asibitoci irin na koyarwa na Malam Aminu Kano kuma ana zura na'ura a leƙa cikin tumbin. In an same ta, likita kan haɗa magungunan kashe ƙwayoyin cuta da mai rage tsami irin su omeprazole, na kwana 10 zuwa 14, kuma dole a shanye su ko da an ji sauƙi a rana ta uku. Kuɗin da magidanci ke kashewa a kan jarkokin jiƙe-jiƙe cikin shekara ɗaya ya isa ya kai shi babban asibitin Gumel ya dawo. Ya dace ma'aikatar lafiya ta Jigawa ta kai wannan gwaji ƙananan asibitocin karkara, ta kuma sa ido a kan masu sayar da haɗi a kasuwanni.

Kafin nan, mai fama da zafin ƙahon zuciya ya daina shan haɗin da bai san sunansa ba, ya nuna wa ma'aikacin lafiya duk ƙwayar da yake sha. Wanda kuwa ya ga bayan gidansa ya yi baƙi kamar kwalta, ko ya yi aman jini, ko yana ramewa ba dalili, ko loma ta fara tsaya masa a ƙirji, kada a jira ranar kasuwa. A nemi mota a kai shi asibiti a ranar.