Waiwaye: Kafin Ka Biya Kuɗin Haya a Abuja

A Abuja, idan aka tambaye ka inda kake zaune, ba kwatancen gida kaɗai ake nema ba. Mai tambayar yana auna albashinka ne, da lokacin da kake tashi daga barci, da ko iyalinka na tare da kai ko ka baro su a gida. Wanda ya ce Maitama ko Asokoro ya gama magana. Wanda ya ce Wuse ko Gwarimpa, a gyaɗa masa kai. Wanda ya ce Mararaba ko Masaka kuwa, sannu ake yi masa, don an san tun kafin kiran assalatu yake barin gida.

Abin ya samo asali ne tun daga tushe. Gwamnatin Janar Murtala ce ta kafa dokar sabon babban birnin a Fabrairun 1976, aka kammala taswirarsa a 1979, gwamnatin Janar Babangida ta tare a ranar 12 ga Disamba, 1991. Manyan tituna da ma'aikatu da unguwannin manya sun samu wurinsu. Masinja da direba da malamin makaranta da ƙaramin akawu kuwa, sai suka tsinci kansu a gefe. Nyanya sansanin ma'aikatan da suka gina birnin ne, na wucin gadi aka yi shi, ga shi nan har yau. Da ta cika ta batse, jama'a suka tsallaka iyaka zuwa Mararaba da Masaka a Jihar Nasarawa. Ta ɗaya ɓarin kuma aka bazu Kubwa da Dutsen Alhaji da Zuba, har Madalla da Suleja a Jihar Neja.

Ni na iso ne zamanin da Malam Nasiru El-Rufa'i yake ministan birnin, tsakanin 2003 da 2007, lokacin da ake rushe duk ginin da ya saɓa wa taswira. Na sauka a Kubwa, gidan wani dattijo abokin mahaifina, tsohon ma'aikacin gwamnati da aka taso da su daga Legas. Ban daɗe ba dillali ya kai ni Karmo, ya nuna mini ciki da falo masu sabon fenti, kuɗinsu bai kai rabin na Kubwa ba. Da dare na kai wa dattijon labari ina murna.

"Baba, na samu wuri. Gobe nake son in biya kafin wani ya riga ni."

Ya ci gaba da ɓare goronsa, can ya ce, "Madalla. Shi mai gidan, wa ya sayar masa da filin?"

"Ban tambaya ba, Baba."

"To ɗana, ɗakin da kake kwana ba wanda ya ce yana buƙatarsa. Ka zauna tukuna ka san garin."

A doka, duk ƙasar birnin tarayya a hannun gwamnatin tarayya take. Amma a ƙauyukan da birnin ya cim ma, mutane sun riƙa sayen fili daga hannun masu unguwanni, a rubuta musu 'yar takarda, su yi gini, su zuba 'yan haya. Ranar da jami'ai suka zo suka shafa jan fenti a bango, wannan takarda ba ta tsayar da katafila. Karmo da Idu da Chika da Alaita duk sun ga rusau a shekarun nan. Mai gida ya yi asarar gini, ɗan haya kuma da ya biya shekara guda ko biyu a dunƙule ya kwashe katifarsa a ka, ba wanda zai bi bashi. Arahar da na gani, ashe kuɗin wannan kasadar ne aka rage mini.

Abin da Baba ya yi mini ba sabo ba ne a wurinmu. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro ba sa faɗa wa gari kai tsaye. Zango suke sauka, wurin mai masauki, shi zai nuna musu wanda za su yi ciniki da shi da lungun da ba a bi. Haka Sabo ta Ibadan da zangon Kumasi suka kafu. Baƙo ko da ido makaho ne, in ji mutanen da. Yanzu sai ka ga yaro ya samu takardar ɗaukar aiki ranar Litinin, kafin Juma'a ya tura wa dillalin da bai taɓa gani ba kuɗin shekara, saboda hotunan da aka aiko masa ta WhatsApp. Kunyar zama gidan mutane ta wata biyu ce take jefa da yawa cikin wahalar wata goma sha biyu.

Zaman da na yi a gidan ne ya koya mini cewa a Abuja kashi biyu ake biyan haya: ɗaya wa mai gida sau ɗaya a shekara, ɗaya wa direbobi kullum safiya. Hanyar Keffi, wadda ta taso daga Masaka ta ratsa Mararaba da Nyanya, ta haura tudun Kugbo ta faɗa shataletalen AYA, ba wata doguwa ba ce. Ranar Lahadi da hantsi kafin ka gama hira kun iso. Ranar Litinin da safe kuwa, tafiyar takan ci awa biyu ko fiye. Na yi aiki da mutanen da a masallacin ofis suke sallar asuba, sannan su kifa kai a tebur su rama barci kafin takwas. 'Ya'yansu sai Asabar suke ganinsu ido biyu. Da aka hana acaba shiga tsakiyar birni a 2006, wanda gidansa ko ofishinsa ke nesa da titi ya ƙara wani kashin. Shi ya sa dillalai suke son kai mutum ganin gida ranar hutu da rana tsaka.

Wancan zamanin ma da sauƙi. Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta koma 617 a watan Yuli, kafin ƙarshen 2024 ta haye dubu. A ƙaddara kuɗin motarka zuwa da dawowa naira 2,000 ne a rana, kana fita kwana 22 a wata. Ka ga 44,000 ke nan, a shekara 528,000, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake 70,000. Wanda ya guje wa ƙarin dubu ɗari uku a kuɗin haya ya koma can nesa, in ya zauna da biro da takarda, sau da yawa zai tarar bai rage komai ba, sai ma barcinsa da ya ɗora a kai. Ban ce kowa zai iya zama kusa ba. Akwai wanda ko ya so, aljihu ba zai bari ba, musamman da yake dunƙulen kuɗi ake nema a tashi ɗaya. Amma a yi lissafin da ido buɗe.

Ruwa da wuta ba sa buƙatar dogon bincike. Yawan kurar 'yan garuwa a layi ya isa ya gaya maka ko famfo na kawowa. Ka tambaya ko mitar taka ce kai kaɗai ko ta taron dangi ce, don rigimar kuɗin wuta ta raba maƙwabta da yawa. Ka kuma san rukunin wutar da layin yake, tunda a Afrilun 2024 'yan rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin awa ashirin a rana, aka mayar da kuɗinsu naira 225 kowane yunit. Damina ce ba ta da sauƙin ganewa ga wanda ya je da rani. Lokogoma ta sha ambaliya ba sau ɗaya ba, a Yunin 2023 kuma ruwa ya shanye gidaje da dama a rukunin Trademore da ke Lugbe, gidaje masu kyau da katanga da mai gadi. Kada ka tsaya kallon bangon da za a ba ka, an yi masa fenti. Leƙa na maƙwabci. In ka ga wani zane ruwan ƙasa ya bi gindin katanga a miƙe, daidai gwiwa ko ƙugu, to ruwa ne ya bar sa hannunsa.

Sai batun tsaro, wanda shi ne ya fi canzawa a kan idona. Da muka zo, ɓarawon tsakar dare ake tsoro, maganinsa kuwa ƙarfen taga da kwaɗo mai kyau. Sai bam ya tashi a cocin Madalla ranar Kirsimetin 2011. Sai na tashar motar Nyanya ranar 14 ga Afrilu, 2014, da sassafe lokacin da ma'aikata ke rububin shiga bas, ya kashe fiye da mutum 70, wani ya sake tashi kusa da wurin ranar 1 ga Mayu. A Yulin 2022 aka fasa gidan yarin Kuje. A Janairun 2024 masu garkuwa suka shiga har cikin gida a yankin Bwari suka kwashi iyali, sai da jama'a suka yi karo-karon kuɗin fansa. Unguwar da ake yabo bana tana iya zama abin gudu baɗi, saboda haka labarin wanda ya bar garin shekara biyar da suka wuce bai isa hujja ba.

Abin da na lura da shi, gidan da ya fi araha a kowace sabuwar unguwa shi ne na ƙarshe, wanda daga shi sai kangwaye sai dutse sai daji. Yakan fi kyau, ya fi fili, ga iska. Amma in ka yi ihu ba mai ji. Ni dai na fi natsuwa da tsohon layi mai hayaniya, inda mai shago ya san 'ya'yan kowa, inda baƙuwar fuska ba ta wucewa ba a tanka mata ba, a kan katanga mai tsawo wadda ba ka san sunan wanda ke bayanta ba. Ba kuma dole sai unguwar 'yan yarenku ba. Layin da na fi daɗewa a kai, akwai Gbagyi da Ibo da Tibi da Bayarabe, kowane wata ana zama a tara kuɗin 'yan sintiri, kowa na da lambar wayar kowa. Wannan zaman na wata-wata ya fi mini waya mai lantarki a kan katanga.

Tsaron unguwa kuma ya haɗa da hanyar komawa cikinta. 'Yan wan-cans, masu ɗaukar fasinja a mota kamar ta haya su yi masa fashi su watsar da shi a gefen titi, sun fi samun wanda dare ya yi wa, ya ƙosa ya isa gida, ya tsayar da duk motar da ta tsaya. In aikinka na kai ka bayan isha, to ka tambaya ko akwai tasha ta sosai mai zuwa unguwar a wannan lokaci, da kuma irin tafiyar ƙafar da ke tsakanin bakin titi da ƙofar gida.

Su wa ake tambaya? Ba dillali ba, shi kashi goma cikin ɗarinsa yake hange, bayan kuɗin ganin gida da na lauya da na ajiyar ɓarna da za a lafta maka. Ka zauna wurin mai shayi bayan magariba ka sha kofi guda, ka bar hira ta zo da kanta. Ka yi sallah a masallacin layin ka gaisa da ladan, shi ne mai fita lokacin da kowa ke barci. In an yi sa'a ka samu wanda ya tashi daga gidan, ka ji abin da ya tashe shi. Mai iyali kuwa ya je da maiɗakinsa ta shiga wurin matan maƙwabta, don su ne ke wuni a unguwar. Su suka san ranar da rijiyar burtsatse ke ƙafewa, da makarantar da ake koyarwa da gaske, da asibitin da ke buɗe ƙofa in naƙuda ta taso ƙarfe biyun dare. Kafin kuɗi ya bar hannunka kuma, ka ga mai gidan ido da ido, maƙwabta su shaida shi ne. An sha karɓar hayar ɗaki guda daga mutum biyu.

Kwanan baya ɗan ƙanwata ya samu aiki a wata ma'aikata a Garki, ya sauka wurina. Sati bai cika ba ya zo da hotunan wani gida a bayan Lugbe. Na jera masa abubuwan da zai je ya gano: ya kwana kusa da wurin ya bi hanyar da safiyar Litinin, ya koma da dare, ya duba katangar maƙwabta, ya nemo tsohon ɗan hayar.

Ya yi dariya ya ce, "Kawu, wannan ai binciken aure ne."

Na ce masa a aure ma ba a karɓar sadakin shekara biyu a tashi ɗaya. Ya je ranar Litinin ɗin, ya isa ofis tara ta gota. Yanzu yana duba wani ɗaki a Durumi, ƙarami ne kuma ya fi tsada, amma mota ɗaya ce zuwa wurin aikinsa. Mun yi da shi ba zai biya ba sai an yi ruwa mai ƙarfi ya je ya ga inda yake bi.