Maganin Da Ya Fi Cutar Ɓarna

Ran 18 ga watan Maris, 1967, wani ƙaton jirgin ruwa mai suna Torrey Canyon ya yi karo da duwatsu kusa da tsibiran Sili, kudu maso yamma da Ingila, yana ɗauke da ɗanyen mai wajen tan 119,000 daga Kuwaiti. Jirgi ya fashe, mai ya malale bisa teku, iska ta kora shi har gaɓar Ingila da ta Faransa. Tsuntsayen da suka halaka an ƙiyasta sun kai 15,000, gama in mai ya jiƙa gashin tsuntsu sanyi kan ratsa shi, in kuwa ya sa baki zai gyara gashin, sai ya haɗiye guba.

Abin ya dami Gwamnatin Ingila har ta aika da jiragen sama suka yi ta sakar wa jirgin bom don man ya ƙone. Amma mu abin da muke so masu karatu su lura da shi, shi ne maganin tarwatsa mai da aka kwarara, wajen tan 10,000. Malamin makaranta yana iya nuna wa yara aikinsa cikin aji: a ɗiga man gyaɗa cikin ƙwaryar ruwa, a sa sabulu, a motsa. Man zai ɓace wa ido, amma fa bai fita daga ƙwaryar ba. Farfashewa ya yi, ya gauraya da ruwa. Haka abin yake a teku. Man da dā yake sama, yanzu ya nutsa inda kifi ke numfashi da inda ƙwansa yake, ƙwan kifi kuwa da 'ya'yansa su suka fi saurin mutuwa.

Maganin na wancan zamani shi kansa dafi ne. Akwai wasu ƙananan dabbobi masu kama da dodon koɗi, suna manne wa duwatsun gaɓa, gansakuka suke ci. Maganin ya kashe su ƙurmus. Da makiyaya suka ƙare, sai gansakuka ta rufe duwatsun, ko'ina kore shar. Masanan Filimat da suka yi ta bin sawun abin sun ga inda aka bar man kawai, igiyar ruwa ta wanke shi, wurin ya farfaɗo cikin shekara biyu ko uku. Inda aka ɗura magani kuwa, wani wurin sai da ya haura shekara goma.

Lalle magungunan yanzu ba su kai na dā dafi ba, kuma in mai yana can tsakiyar teku mai zurfi, ya doshi gaɓa, tarwatsa shi yana da hujja. Duk da haka, a 2010, sa'ad da rijiyar kamfanin BP ta fashe a Tekun Meziko, ta kwana 87 tana aman mai, an zuba Corexit wajen galan miliyan 1.8, wani ma a bakin rijiyar can ƙarƙashin ruwa. Daga baya gwaji ya nuna man da aka gauraya da shi ya fi zallan mai cutar da murjani da ƙananan halittun da kifi ke ci.

Kada wani ya ce ina ruwanmu, mu da ke nesa da teku. A watan Disamba, 2011, mai kusan ganga 40,000 ya zuba daga filin Bonga na kamfanin Shell, a ruwan Nijeriya, aka kuwa fesa irin wannan magani. Ra'ayinmu shi ne kada a yarda a fesa shi cikin ƙoramun Neja Delta ko ruwan da ba zurfi, inda kifi ke zuba ƙwai, masunta ke neman abinci. Inda kuwa ya zama tilas a fesa, wajibi ne hukumar NOSDRA, wadda aka kafa a 2006 don wannan aiki, ta bayyana wa jama'a sunan maganin, da yawansa, da wurin, ta kuma aika masu awon ruwa da kifi bayan man ya ɓace wa ido.