LAFIYA UWAR JIKI: Ƙurjin Da Ya Ƙi Warkewa

A wannan wata za mu yi magana a kan wani ɗan ƙurji da mutane ke rainawa, alhali kuwa ciwon daji ne na fata.

Akwai wani ɗan'uwa a ikilisiyarmu, zabiya ne, manomi, 'ya'yansa biyu suna makarantarmu. Wani ƙurji ya fito masa a gefen hanci, bai fi ƙwayar dawa ba. In ya wanke fuska sai ya yi jini, ya yi ɓawo, ɓawon ya faɗi, ya sāke jini. Ya shafa man kaɗanya, ya shafa toka, gwaggonsa ta kawo masa saiwa. Har damina biyu ana haka. Wata Lahadi bayan sujada na ja shi gefe na ce, "Ɗan'uwa, wannan abu na hancinka fa?" Ya ce, "Malam, ai ba ya ciwo." Na ce, "Rashin ciwon ne ya sa ka sakankance." Sai da Fasto ya sa baki kafin ya yarda ya tafi babban asibiti.

Likitoci suna kiran cutar basal sel kasinoma. Fatar mutum hawa-hawa ce, a gindin hawan waje kuma akwai ƙwayoyin halitta masu haifar da sabuwar fata. Hasken rana na shekara da shekaru yakan lalata su, sai su yi ta yaɗuwa ba tsari. Cikin ciwon dajin fata babu wanda ya fi shi yawa a duniya. Wani likitan ido na birnin Dablin, Arthur Jacob, ya bayyana shi a 1827. Turawan dā sukan ce masa gyambon ɓera, don yana gaigayar nama sannu sannu. Da wuya ya bazu zuwa huhu ko hanta, amma in an ƙyale shi yakan cinye hanci, ko kunne, ko fatar ido, har ya kai ga ƙashi.

Ya fi kama fararen fata. Mu baƙaƙe Allah ya sa wani sinadari a fatarmu, melanin, mai tare hasken rana, ko da yake mu ma yakan same mu jifa-jifa, sai ya fito baƙi ko ruwan ƙasa. Zabiya kuwa ba shi da wannan garkuwa. Akwai ma wani irin ciwon dajin fata da ya fi wannan saurin bazuwa, shi ma yana damun zabiya ƙwarai a Afirka.

Ga abin da za ku lura da shi, musamman a fuska, kunne, wuya da bayan hannu:

1. Ƙurji mai sheƙi, wani lokaci da ƙananan jijiyoyin jini a kansa.
2. Miki mai tudu a baki-baki da rami a tsakiya.
3. Duk mikin da ya wuce mako 4 bai warke ba, ko ya warke ya dawo.

Ido kaɗai ba ya tabbatarwa. Likita zai kashe wurin da allura, ya gutsuri ɗan nama, a duba shi da madubin likita. In cutar ce, yawanci akan yanke ta tare da ɗan lafiyayyen nama a kewaye, a ɗinke. Ƙanana na sama-sama akan kankare su, ko a daskarar da su, ko a ba da man shafawa na musamman. Wanda bai iya jure aiki ba akan gasa masa wurin da hasken na'ura. In an kama shi da wuri, kusan kullum ana warkewa.

Haka aka yi wa ɗan'uwanmu. Ranar da aka yi aikin ya kwana a gidansa, yanzu sai ɗan tabo. Amma an ce ya riƙa komawa ana duba shi, gama wanda ya taɓa yi yana iya sāke yin wani.

Iyaye, rigakafi ya fi magani. Kada ku tura yaro zabiya gona ko kiwo daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma. Ku ba shi malafa mai faɗi da riga mai dogon hannu, da man kare rana mai lamba 30 ko fiye in da hali. 'Yan'uwana malamai, ku bar shi ya sa malafarsa bisa kayan makaranta, ya tsaya a inuwa lokacin taro da wasa. Zama zabiya gado ne daga uwa da uba duka, ba la'ana ba ce, ba kuwa laifin uwar ba. Tun 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya take tuna da zabiya kowace 13 ga Yuni. Zumuntar Mata za ta iya ɗaukar wannan rana ta ɗinka wa irin waɗannan yara riguna.

Mu yi addu'a, mu kuma je asibiti. Luka da ya rubuta Bishara likita ne, Bulus kuma bai raina aikinsa ba. Yau da dare ku duba fuskokin mutanen gidanku da fitila.

Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda.