Yadda inshora ke biyan asibiti, da abin da ya shafe ka a ciki

'Yan'uwa, da yawa daga cikinmu a Zangon Kumasi da ƙauyukan kewaye muna riƙe da katin inshorar lafiya, wato NHIS. Ka nuna kati, a duba ka, ka koma gida. To, da wane lissafi ake biyan asibitin? Amsar ta shafi irin kulawar da za ka samu a kan gado.

Manyanmu suna tuna zamanin da sai ka biya kafin a taɓa ka. Dokar 2003 ce ta kafa inshora don a kawar da wannan. Da farko asibiti kan rubuta kowane abu da ya yi, allura, gwajin jini, kwanan gado, a tara a biya shi. Sai lissafi ya riƙa kumbura, domin wanda ya fi yi maka abubuwa da yawa shi ya fi samu, ko kana bukata ko ba ka bukata.

A 2008 aka koma tsarin da ake kira G-DRG, irin wanda Amurka ta fara aiki da shi a 1983. An kasa cututtuka da ayyukan asibiti rukuni-rukuni, kowane da kuɗinsa tsayayye. Haihuwa da kuɗinta, haihuwa ta tiyata da nata, aikin gwaiwa da nasa. Kuɗin ya danganta kuma da girman asibitin: na Komfo Anokye ya fi na asibitin gunduma. Magunguna kuwa daban ake biyansu.

A ganinmu wannan tsari ya fi dacewa, kuma bai kamata a watsar da shi ba. Asibitin da ya gano cutarka da wuri, ya warkar da kai ba tare da ɓata lokaci ba, shi ke cin riba. Mu a yankin Asante mun ɗanɗana wata hanyar ma. A 2012 aka gwada biyan asibiti bisa yawan mutanen da suka yi rajista da shi, ko sun zo ko ba su zo ba. Ƙorafi ya yi yawa, a 2017 aka dakatar.

Amma kuɗi tsayayye yana da nasa haɗari, kuma gara ku ji daga bakin masu asibiti. Tun da abin da za a biya ɗaya ne ko ka kwana uku ko ka kwana bakwai, akwai jarabar a sallame ka da wuri. Ga mai gida kusa da asibiti, da sauƙi. Ga matar da aka yi wa tiyata, wadda za ta hau mota ta bi hanya mai gargada zuwa ƙauye, kwana ɗaya ba ƙaramin abu ba ne.

Babbar matsalar dai tana wajen mai biya. Farashin safar hannu, zaren ɗinki da man janareta yana hawa, darajar sidi tana sauyawa, amma kuɗin rukuni yakan daɗe a inda yake. Sannan biyan yakan yi jinkiri na watanni. Asibitocin mishan da ke ƙarƙashin CHAG, waɗanda yawancinsu a karkara suke, su suka fi jin jiki, domin akasarin majinyatansu masu kati ne. A irin wannan hali ne ake jin "ƙaro kaɗan" a bakin taga, ko a ba ka takarda ka je waje ka sayi magani. Talaka ya biya harajin lafiya a kasuwa, ya sabunta kati, ya sake biya a asibiti. Wannan ba daidai ba ne. Muna roƙon hukumar inshora ta riƙa duba kuɗin rukunoni kowace shekara, ta kuma biya a kan lokaci.

Kai ma da naka aikin. In an ce an sallame ka alhali zazzaɓi bai sauka ba, ko ciwon yana fitar da ruwa, gaya wa likita ko nas, kada ka ji kunya. Tambayi ranar da za ka dawo da alamun da za su sa ka dawo kafin ranar. In an nemi kuɗi, tambaya na mene ne, ka karɓi rasit. Kuma kada ka bari kati ya mutu: danna *929# a wayarka ka sabunta tun kana da lafiya.