Gwajin dalma a jini: A kai shi inda ake haƙar zinare

A shekarar 2010, lokacin da yara suka riƙa mutuwa a Dareta da 'Yargalma da wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a Jihar Zamfara, an fara zaton zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau. Sai da aka auna jininsu aka gane dalma ce, wadda ke cikin ƙurar duwatsun zinare da ake niƙawa a tsakar gida. Yara fiye da 400 suka rasu. A 2015 kuma aka sake ganin haka a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja.

Na'urar da likitocin MSF suka dogara da ita a Zamfara, wato LeadCare II, ba ta kai akwatin rediyo girma ba, kuma tana aiki da batir. Ana haɗa ɗigon jini da ruwan asid domin ya saki dalmar, sannan a ɗiga shi a kan wani ɗan falle. Lantarki ya tara dalmar a jikin fallen, a sake juya shi ya ɓamɓare ta. Ƙarfin lantarkin da ya gudana yayin ɓamɓarewar shi ke nuna yawanta. Cikin minti uku an gama.

Amma fa tana da iyaka. Ba ta karanta abin da ya haura maikirogiram 65 a kowace desilita, alhali jinin yaran Zamfara da yawa ya zarce haka, dole sai an tsarma shi. A 2017 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa takan ba da adadi ƙasa da gaskiya idan daga jijiya aka ɗebi jinin, kuma a 2021 aka janye wasu kayan gwajinta daga kasuwa. Saboda haka tilas a sami babban ɗakin bincike da zai riƙa tantance sakamakonta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga maikirogiram 5 a fara neman tushen gubar. Yaro mai wannan adadi yana wasansa lafiya lau, ƙwaƙwalwarsa ce ke cutuwa a ɓoye, kuma ba zinare kaɗai ba, har wani kwallin da ake ranbaɗa wa jarirai yana ɗauke da dalma. Ya kamata gwamnatocin Zamfara da Neja su ajiye na'urar a asibitocin yankunan haƙar ma'adinai, su sanya kuɗin fallayenta a kasafin kowace shekara, su kuma auna yara 'yan ƙasa da shekara biyar a ranakun rigakafi.