Masu Ciwon Kumburin Hanji: A Haɗa Ƙaurace Wa Abinci Da Gwajin Jini

Duk wanda ya taɓa shiga Kasuwar Relief da ke Anaca, ko Kasuwar Gariki ta Inugu, ko wuraren da ake sauke kayan gwari a Fatakwal, ya san rawar da 'yan Arewa ke takawa wajen ciyar da waɗannan birane. Albasar Aliero, hatsi da waken Dawanau, da shanun Potiskum, duk ta hannunsu suke isa tukwanen Kudu. Sai dai a cikin waɗannan fatake da 'yan dako akwai mutumin da ke wuni a tsakiyar abinci, amma tsoron ci yake yi. Ya daɗe yana fama da gudawa mai jini da majina da murɗawar ciki. Da farko ya bar yaji, daga nan ya bar wake, ya bar nono, ya bar nama da miyar ganye, har ya koma rayuwa a kan koko da farar shinkafa da shayi da burodi. Bayan 'yan watanni cikin ya ɗan lafa, amma ga shi yana haki idan ya ɗauki kayan da a da yake ɗauka cikin sauƙi, jiri na ɗibarsa, tafin hannunsa ya yi fari fat.

Irin wannan mara lafiya yana nan kuma a Sakatariyar Gwamnatin Tarayya da ke Abuja, zaune a bayan tebur da katin inshora a aljihu. Abin da ya haɗa su biyun shi ne, an gaya musu abin da za su daina ci, amma babu wanda ya koma ya auna abin da jikinsu ya rasa sakamakon hakan. A ra'ayinmu, wannan giɓi ne da ya kamata likitoci da hukumomin lafiya su toshe, domin rage wa mai kumburin hanji abinci ba tare da bibiyar jininsa ba, gudun gara ne a faɗa wa zago.

Matsalar tana farawa ne tun daga sunan ciwon. A wurin jama'armu, duk jinin da ya fito a bayan gida basir ne, ko kuma atini. Shi ya sa mutum kan shafe shekara yana shan jiƙo da magungunan kemis kafin ya ga likita. Alhali kumburin babban hanji iri-iri ne. Akwai wanda ƙwayar amiba ke haddasawa ta hanyar gurɓataccen ruwa da abinci, akwai na tsutsar tsargiya, akwai na tarin fuka da ya sauka a hanji, kuma waɗannan duk suna warkewa idan aka gano su aka ba da maganinsu. Akwai kuma wanda garkuwar jiki ce da kanta ke far wa hanji, wato gyambon babban hanji da ɗan'uwansa ciwon Crohn, waɗanda ke lafawa su sake tashi tsawon rayuwa. Bambancewar tana da muhimmanci ƙwarai, domin maganin da ke kwantar da nau'i na biyu, kamar prednisolone, yana iya jefa mai ciwon amiba cikin mummunan hali. Gwajin bayan gida da leƙa hanji da na'ura su ne ke raba gardama.

A kowane nau'i, jiki yana asara ta fuska uku. Jinin da ke zuba kullum yana tafiya da sinadarin ƙarfe, wanda da shi ake gina jajayen ƙwayoyin jini. Gudawa tana wanke zink da gishirin jiki. Idan kuma kumburin ya taɓa ƙarshen ƙaramin hanji, kamar yadda yakan faru a ciwon Crohn, jiki yakan kasa tsotse bitamin B12, domin a nan kaɗai ake tsotse mafi yawansa. Magungunan ma suna da nasu kason: sulfasalazine yana rage tsotsar folik asid, prednisolone kuma yana raunana ƙashi idan aka daɗe ana sha. A kan wannan asara ne mara lafiya ke ɗora tasa, ya bar nama da hanta da kifi da ƙwai waɗanda ke ba da ƙarfe da B12, ya bar nono mai ba da kalsiyam, ya bar wake da zogale da alayyafo masu ba da folik asid. Shayin da ya mayar abokin kowane abinci kuwa yana ƙara hana jiki cin moriyar ɗan ƙarfen da ya samu.

Wannan duk yana faruwa ne a ƙasar da jinin al'ummarta dama can bai cika ba. Binciken ƙasa kan yawan jama'a da lafiya na 2018 ya nuna kashi 58 cikin ɗari na mata masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini, haka ma kashi 68 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki da yawan haihuwa sun riga sun kwashe ajiyar mutane da dama. Matar da ta kamu da kumburin hanji a irin wannan yanayi, kuma aka hana ta rabin abincin gida, ba ta da rarar da za ta jure.

Gwaje-gwajen da ake buƙata sanannu ne. Na farko shi ne cikakken ƙidayar jini, wanda ya fi PCV ɗin da aka saba yi bayani, domin yana nuna girman ƙwayoyin jini: ƙanana kan nuna rashin ƙarfe, manya kan nuna rashin B12 ko folik asid. Bisa ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, hemogulobin da ya gaza giram 13 a kowace desilita ga namiji, ko 12 ga mace, ko 11 ga mai juna biyu a watanni ukun farko da na ƙarshen cikinta, ƙarancin jini ne. Na biyu shi ne feritin, ma'aunin ajiyar ƙarfe a jiki, wanda dole a haɗa shi da gwajin CRP mai nuna kumburi. Dalili kuwa, kumburi yana ɗaga feritin, sai sakamako ya fito kamar lafiya lau alhali rumbun ya ƙare. Shi ya sa ƙungiyar ƙwararrun Turai kan waɗannan cututtuka, ECCO, ta ce feritin ƙasa da 30 rashin ƙarfe ne idan ciwon ya lafa, amma idan yana tashe, ko ya kai 100 ana iya kasancewa cikin rashi. Sai gwajin B12 da folik asid da bitamin D da kalsiyam da albumin, tare da awon nauyi a kowace ziyara. Ƙa'idar da ƙwararrun ke bi ita ce a duba jini duk wata uku idan ciwon yana tashe, duk wata shida zuwa shekara idan ya kwanta.

Wani zai ce me ya kawo wannan dogon lissafi, tunda kwalbar maganin ƙarin jini tana kemis ɗin bakin kasuwa, kuma ta fi gwaji araha. Mun fahimci wannan hujja, musamman daga bakin ɗan dakon da abin da ya samu yau shi zai ci yau. Amma shan magani a makance yana da nasa farashin. Folik asid yana iya gyara adadin jini ya ɓoye rashin B12, yayin da jijiyoyi ke ci gaba da lalacewa, har ƙafafu su mutu, tafiya ta gagara, kuma wani lokaci ɓarnar ba ta gyaruwa. Ƙwayar ƙarfe ta baki takan tayar wa wasu masu kumburin hanji da ciwon, shi ya sa likita kan zaɓi ba da shi ta jijiya idan ciwon yana tashe. Masu sikila kuwa, musamman waɗanda ake yawan ƙara wa jini, ƙarfe yakan taru musu fiye da kima, don haka ƙarin sa cutarwa ne. Gwaji ne kaɗai ke nuna wanda ya dace da wane magani.

Haka nan ya kamata a gyara fahimtar da ake yi wa ƙaurace wa abinci. Abinci ba ya warkar da gyambon hanji, magani ne ke kwantar da shi. Ana rage wasu nau'o'in ne na ɗan lokaci domin a sauƙaƙa wa hanji yayin da ciwon ke tashe. Ko tsarin FODMAP da Jami'ar Monash ta Ostareliya ta fito da shi, wanda ke taƙaita albasa da tafarnuwa da wake da madara, mako biyu zuwa shida aka tsara masa, daga nan a riƙa dawo da abincin ɗaya bayan ɗaya don a gano takamaiman wanda ke damun mutum. Da yawa daga waɗanda madara ke tayar wa ciki suna iya shan kindirmo. Wanda nama mai tauri ke wahalar da shi yana iya cin kifi da ƙwai da hanta da aka dafa ta yi laushi. Wannan aikin masanin abinci na asibiti ne, kuma bai kamata a sallami mara lafiya da jerin abubuwan hani ba tare da ya gan shi ba.

Doka ta riga ta buɗe hanya. Dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, NHIA, wadda aka sanya wa hannu a watan Mayun 2022, ta wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan Nijeriya, ta kuma tanadi asusu na musamman domin marasa galihu. Kafin ita, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko. Ma'aikacin tarayya yana da inshorar da ta haɗa shi da matarsa ko mijinta da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Asibitocin koyarwa na tarayya suna kusa da fataken Kudu: na Jami'ar Nijeriya a Ituku-Ozalla kusa da Inugu, na Jami'ar Nnamdi Azikiwe a Nnewi wanda ba shi da nisa da Anaca, da na Jami'ar Fatakwal. Abin da ya rage shi ne a haɗa mara lafiya da waɗannan tanade-tanade.

Saboda haka muna kira ga NHIA da ta fayyace wa asibitoci da kamfanonin da ke kula da inshora cewa waɗannan gwaje-gwaje ɓangare ne na jinyar kumburin hanji, a amince da su a dunƙule sau ɗaya, maimakon mara lafiya ya riƙa zaryar neman lambar izini a kan kowane gwaji. Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, tare da ƙungiyar likitocin ciki da hanta ta Nijeriya, SOGHIN, su fitar da taƙaitacciyar ƙa'ida ga ƙananan asibitoci: duk wanda aka rage wa abinci fiye da 'yan makonni, a rubuta masa ranar gwajin jini da ranar sake duba abincin. Hukumomin inshora na jihohin Anambra da Inugu da Ribas su shiga kasuwanni su yi wa fatake rajista ta hannun Sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa, da bayani cikin Hausa, ba tare da tambayar mutum jiharsa ta asali ba, tunda a nan yake zaune kuma a nan yake biyan haraji. A kuma duba yadda katin zai yi aiki idan mutum ya koma gida Kano ko Sakkwato jinya, kamar yadda akasarin fatake ke yi in ciwo ya yi tsanani.

Masu karanta wannan shafi da dama su ne ke rubuta takardun da manya ke sanya wa hannu, su ne kuma 'yan'uwa ke bugo wa waya daga Anaca ko Fatakwal idan rashin lafiya ta taso. Kafin a tura kuɗin jiƙo ko na maganin ƙarin jini, a tambayi ɗan'uwan ko an gano ainihin ciwon, me da me ya daina ci, tun yaushe, kuma yaushe rabonsa da gwajin jini. Wanda ya ga jini a bayan gida, ko yana ramewa, ko yana haki da jiri, ya nufi asibiti, ya kuma nemi a ba shi kwafin sakamakon gwajinsa ya adana, domin da shi likita na gaba zai gane ko jinin hawa yake yi ko sauka.