Filin Sana'a da Lafiya: Injin Fere Katako da Amanar Yaran Shago

A wannan karo za mu leƙa rumfunan kafintoci ne, domin gidaje da dama a Madekali da cikin garin Malanville suna da ɗa ko ƙane da aka danƙa wa wani maigida don koyon aikin katako.

Daga cikin kayan aikin da suka sauƙaƙa wa kafinta wahala akwai injin fere katako na hannu mai aiki da lantarki, wanda a Faransanci ake ce wa rabot électrique. Kamfanin Makita na ƙasar Japan ya fara sayar da irinsa tun shekarar 1958. A cikin injin akwai wata 'yar gangar ƙarfe mai ɗauke da wuƙaƙe biyu, faɗinsu galibi milimita 82, tana juyawa kamar sau 16,000 a minti guda. Wato kaifi yana sauka fiye da sau 500 a daƙiƙa ɗaya. Zarto kan yanke yatsa, wani lokaci likita ya samu abin ɗinkewa, amma wannan injin fere nama yake yi kamar yadda yake fere maɗaci, abin da ya ɗebe kuwa ba ya dawowa.

Abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne, injin yana da haɗari har a lokacin da ake zaton ya huta. Lokutan guda uku ne.

Na farko, bayan an saki maɓalli. Wuƙaƙen suna ci gaba da juyawa na wasu daƙiƙoƙi, kuma a buɗe suke ta ƙasa. Wanda ya ji kiran salla ya dire injin cikin gaggawa, sai ya zabura a kan benci, ko ya gogi cinyarsa. A jira ya tsaya cik, sa'an nan a ɗora gindinsa a kan guntun katako yadda kaifin ba zai taɓa komai ba.

Na biyu, idan an ɗauke wuta ko janareto ya mutu. Wasu injinan suna da wani ƙaramin maɓalli da ke kulle su a kunne. Wuta na tafiya sai injin ya yi shiru, a ajiye shi a mance, tana dawowa kuma ya tashi da kansa. Ƙa'idar ita ce, da zarar wuta ta tafi a saki makullin, a zare wayar daga soket.

Na uku, lokacin canza wuƙa ko zaƙulo ɓawon katakon da ya toshe mafitarsa. Kashe maɓalli bai wadatar ba, sai an zare waya. Ko an zare ɗin ma, da tsinken itace ake zaƙulowa, ba da yatsa ba. Bayan an sa wuƙa a tabbatar an ɗaure kusoshinta tamau.

Wajen aikin kansa, a fara duba katakon, musamman tsohon da aka ɓalle daga akwati ko kwale-kwale, don ƙusa guda tana iya fasa wuƙa ta cilla ɓarɓashi cikin ido. A matse katakon a jikin benci da ƙarfen matsi, kada a sa yaro ya riƙe, kada kuma a tokare shi da ƙafa. A kama injin da hannu biyu, a ɗora gabansa a kan katakon kaifin bai taɓa ba, a kunna, a bari ya kai cikakken gudunsa, sa'an nan a tura. Ɗiban rabin milimita zuwa milimita ɗaya a kowace tafiya ya fi lafiya, ya kuma fi kyan aiki. Sannu ba ta hana zuwa. Wayar kuwa ta kasance a bayan mai aiki.

A naɗe hannun riga, a tuɓe babbar riga da rawani da carbi. Wanda ya yi alwala ya goge hannunsa ya bushe, domin wutarmu mai ƙarfin bolt 220 ce, ga danshin damina a ƙasarmu ta bakin kogi. Wayar da ta ɓare a canza ta, ba a naɗa mata leda ba. A sa tabarau, da matoshin kunne, da takunkumin hanci. A shekarar 1995 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Lyon ta sanya ƙurar katako cikin abubuwan da ke haddasa ciwon daji, musamman na cikin hanci.

Iyaye mata, ku ja kunnen yaran da kuke aika ɗebo ɓawon katako don hura wuta: su tsaya a waje har a miƙo musu. Idan rauni ya auku, a danne shi da tsabtataccen ƙyalle, a ɗaga hannun sama, a garzaya asibitin yanki na Malanville, a kuma nemi allurar tetanos. Kada a zuba toka, ko ƙasa, ko man inji.

Wasu kan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Mun yi imani da ƙaddara, amma addininmu ya haɗa tawakkali da ɗaukar mataki. Maigidan da aka kai wa yaro amana ya karɓa, za a kuma tambaye shi a kanta. Kada ya miƙa wa yaro injin sai ya koya masa waɗannan ƙa'idoji yana tsaye a kansa. Kai kuma uba, ba raini ba ne ka je shagon ka ga yadda ake aiki. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya kare zuriyarmu. Sai mun sake saduwa a fitowa ta gaba, in Allah Ya yarda. Wassalamu alaikum.